Allon Alhamis na Malam Barau

Ranar da na kama aiki a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke Gwaram, na shiga ofishin malamai na tarar da wani siririn dattijo yana duba takardun ɗalibai da jan biro. Bayan mun gaisa, don dai in ja hira, sai na ce na ji an ce yaran nan ba sa son Turanci. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya faɗa?" in ji shi.

Na ce ai haka ake faɗa.

"Shi mai faɗar, a wace unguwa yake? In kin samo sunansa ki kawo mini, sai mu tattauna."

Tabɗi! Na ce a raina, yau na haɗu da gamona. Ni Eunice, 'yar Zonkwa, aure ne ya kawo ni Jigawa, mijina Edward yana da kemis a bakin kasuwa, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na barin magana ta kwana a cikina. Amma ranar nan na haɗiye. Wannan dattijo shi ne Malam Barau, malamin adabin Turanci, wanda yara ke kira Malam Wa-ya-faɗa in ya ba da baya. Mu biyu ne kaɗai malaman Turanci a makarantar, teburina na jingine da nasa, har ya yi ritaya.

A Kiyako aka haife shi, ɗan fari ne a gidan manoma. Ya yi makarantar kwana a Birnin Kudu, ya fara koyarwa a wata firamare a Sara, daga baya ya ƙaro karatu aka turo shi Gwaram. Bai taɓa barin noma ba. Da damina za ka gan shi a gaban aji yana bayanin waƙar wani Bature, ƙafar wandonsa da taɓon gonar riɗi. Ya taɓa gaya mini cewa tun yana ɗalibi aka kai su kallon zanen shanun nan da ke jikin duwatsun Birnin Kudu. Sauran yara suna ta mamakin tsufan zanen, shi kuwa abin da ya dame shi daban ne. Ya ce mutum ya zauna ya yi aiki mai kyau haka, amma ba wanda ya san sunansa. Wannan abu bai bar shi ba har tsufansa.

Koyarwarsa ba irin ta kowa ba ce. Littattafan da hukumar jarrabawa ta sa a karanta, ba ya yarda a karanta su a zaune. Sai ya fitar da aji gindin darbejiya, ya raba musu matsayi, wannan sarki, wannan bara, wannan matar da aka zalunta, su yi ta yi har sai maganar ta zauna a bakinsu. In yaro ya ce marubuci yana nufin kaza, sai ya ce, "Nuna mini layin." A darasin insha'i kuwa, abokin gabarsa ɗaya ne, wato buɗewar nan da yara ke haddacewa, kowa ya fara da wata safiya mai haske yana zaune a ɗakinsa. Yakan ce, "Ku duka a ɗaki ɗaya kuke kwana? Kai da na gani jiya kana korar awaki daga gonar wake, ina awakin suka shiga a rubutunka?"

Da wayoyi suka cika gari, sai ya ƙara wani darasi da babu shi a manhaja. Wata rana ya shigo aji ya kunna musu wani saƙon murya da ke yawo, wai kura ta shiga kasuwar Sara da rana tsaka. Yara suka ruɗe, kowa yana cewa shi ma ya ji. Ya bar su suka gama, sannan ya rubuta tambayoyinsa a allo: wa ya faɗa, da idonsa ya gani, me zai samu in mun yarda. Ya ce duk mai ɗan'uwa a kasuwar ya je ya tambayo, ya dawo da suna. Da aka bi diddigi, ashe wani kare ne mai ƙazuwa ya bi ta layin mahauta. Daga nan kulob ɗin 'yan jarida na makarantar ya samo asali, suna karanta labarai a taron safe, kuma dokarsa ita ce labarin da babu suna a cikinsa ba zai hau ba.

Amma abin da ya fi shahara da shi shi ne allon Alhamis. Kowace Alhamis yakan zaɓi sakin layin da ya fi kyau a rubutun ɗalibai na makon, ya kwafe shi a allo da kyakkyawan rubutunsa, aji su yi nazarinsa kamar yadda suke nazarin na manyan marubuta. Da gangan yake barin ƙasan babu suna. In ya ajiye alli, sai aji duka su haɗa baki su ce, "Wa ya rubuta, Malam?" Shi kuma ya kira sunan da ƙarfi, sunan yaro da na mahaifinsa. Na ga ƙartin samari masu gemu-gemu suna sunkuyar da kai don murna. Akwai wanda yanzu direban bas ne a hanyar Birnin Kudu, har yau in ya ɗauke ni sai ya tuna mini ranar da ya hau allo.

To, a nan ne maganar Khuzaima ta shigo.

Khuzaima ita ce 'yar fari a wurin Malam Barau da matarsa Safiyatu. Tun da aka yaye ta aka kai ta Kiyako wurin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, a can ta tashi har Inna ta rasu, sannan ta dawo gidan ubanta. Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce a wurina, na daɗe a ƙasar nan. Na san uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Amma ta Malam Barau ta kai maƙura. In ya wuce yara a hanyar makaranta a kan babur, zai ɗauki ɗan kowa, ban da ita. A gida sai ya ce "ta wajen Inna". Da ta shiga babban aji ta zaɓi adabi, ta zama ɗalibarsa, sai sunanta ya koma "mai zama kusa da taga".

Makon farko ya tsame takardarta daga cikin tarin nasa, ya turo mini ita ta kan tebur ba tare da ya dube ni ba.

"Malama, ki riƙa duba wannan."

Na ce, "Ta wa ce?" Ina sane, so nake in ji ya faɗa.

Ya ce, "Akwai suna a sama."

Haka muka yi ta yi. Duk mako takardar Khuzaima a wurina take, ni ke ba ta maki. Kuma ina gaya muku, a duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa riƙe rubutun ɗalibi irin nata ba. Turancinta ba wai ya fi na kowa tsabta ba ne, tana kuskure kamar kowa. Amma yarinyar tana da ido. In ta rubuta layin masu awara a bakin makaranta, sai ka ji ƙamshin mai. Nakan rubuta mata yabo a ƙasa har wuri ya ƙare. Sai dai tunda ba shi ke duba takardarta ba, ba ta cikin waɗanda ake zaɓa. Alhamis ta zo ta wuce, zango ya zo ya wuce, yaran da ba su kama ƙafarta ba duk sun hau allo, ita tana kusa da taga tana kwafar rubutun wasu.

Ana gab da rajistar jarrabawar fita, ta same ni a gindin darbejiya lokacin tara. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce ta zo ta sanar da ni ne za ta ajiye adabi, ta ɗauki wani darasin a madadinsa. Kulob ɗin 'yan jarida ma ta bari. Ta ce rubutu ba nata ba ne.

Na ce, "Ke, kina hauka ne? Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini, Malama. Shi ya sa ma."

Na ce ai ni ina gaya mata kullum. Ta yi ɗan murmushi, irin na wanda ba ya son ya ɓata maka rai.

"Malama, ke kina da kirki, kowa kina ƙarfafa masa gwiwa. Baba ne ba ya yabo sai abu ya kai. A gida na san kunya ce, ban taɓa jin haushi ba, haka ake yi. Amma ai a aji ba Baba ba ne, malami ne. Shi da bakinsa ya ce allon nan ba ya sanin ɗan kowa. Da nawa ya kai, da ya hau."

Yarinyar ta ɗauki darasin ubanta ta yi aiki da shi tsaf, ta duba hujja, ta yanke hukunci a kan kanta. Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen mako kafin ta je wurin jami'in jarrabawa. Ta ce to, don dai kada ta yi mini musu.

Na shiga ofis a fusace. Allah ya taimake ni babu kowa sai shi, yana cin gyaɗa yana duba takardu. Ban ko zauna ba.

"Malam, 'yarka za ta bar adabi."

Hannunsa ya tsaya. Bai ɗago ba. Ya ce, "Kowa da abin da Allah ya hore masa."

"Haba Malam! Kada ka kawo mini wannan. Allah ya hore mata, kai ne ka hana ta sani. Kana koya wa 'ya'yan mutane cewa aiki ba ya tafiya babu sunan mai shi, ka cika mana kunne da mai zanen shanu, ga mai zane a gidanka ka rufe ta da tabarma!"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Na zaci zai yi faɗa, amma a hankali ya yi magana. Ya ce in ya sa ta a allo, gobe gari zai ɗauka Barau yana tallan 'yarsa. Na ce gari ya daɗe bai ɗauka ba. Sannan ya ba ni wani labari da ban taɓa ji ba. Ya ce lokacin da yake makarantar kwana a Birnin Kudu, mahaifinsa yakan taho daga Kiyako a kan keke ranar ziyara. Ba ya shiga. Sai ya tsaya a bakin wayar shingen makarantar, ya kira duk yaron da ya gani, ya ba shi ƙullin gumba ya ce a kai wa yaron Kiyako. Daga nan ya juya. Har ya rasu bai taɓa kiran sunansa ba.

"Kuma ban taɓa shakkar yana sona ba, Malama. Ina hango shi daga taga yana tura keken a cikin yashi. Mu haka muka gane abinmu."

Duk da haka ban sauka ba. Na ce, "Kai ka ga gumba, Malam. Ita me ta gani? Ba son ka take tambaya ba, wannan ta sani. Tambayarta ita ce ko ta iya rubutu, kuma duk duniya bakinka kaɗai za ta yarda da shi. Ko da yake ina za ka sani, tunda ba ka taɓa karanta ko layi ɗaya nata ba."

Nan fa dattijo ya harzuƙa.

"Wa ya faɗa? Na makon jiya, wanda ta yi a kan shiƙa, kin ba ta maki kusan cikakke, alhali ta jera wa ƙwarya sifa har uku a jimla ɗaya. Tsohuwa, fasasshiya, ɗinkakkiya. In ɗinkakkiya ce ai an san ta fashe, an san ta tsufa. Ɗaya ta isa. Ke ba ki ko ja layi a wurin ba!"

Ya gama faɗa kafin ya ankara. Muka dubi juna. Ashe duk lokacin da na tafi aji na bar takardu a tebur, bawan Allahn nan sai ya zaro tata ya karanta ya mayar. Na so in yi dariya, na so in yi kuka, sai kawai na ja kujera na zauna. Na ce, "To Malam, ni ba ni da sauran magana. Ranar Litinin za ta je ta canza." Ya mayar da tabarau, ya ci gaba da duba takardunsa.

Ranar Alhamis na bar ajina da aiki, na je na zauna a bencin baya na ajinsa. Ya gan ni, ya yi kamar bai gan ni ba. Abin da na fara lura da shi, hannunsa babu takarda. Kullum da takardar wanda ya yi nasara yake shigowa, yara suna leƙe ko za su gane rubutun. Ranar nan alli kaɗai ya riƙo. Ya juya ya fara rubutu da ka. Da Turanci ne, amma ga abin da yake cewa:

"Inna tana shiƙa da iskar la'asar. Takan ɗaga tsohuwar ƙwaryarta, fasasshiya, ɗinkakkiya, sama da kanta, ta tsaya tana jira kamar mai sauraron sallama. In iska ta zo sai ta saki geron a hankali, ƙaiƙayi ya tafi gidan maƙwabta, tsaba ta sauka a gabanta. Bara ni kaɗai na ɗaga ƙwaryar. Iskar ta zo, amma ban san lokacin saki ba."

Bai tsallake ko waƙafi ba. Da ya zo layin ƙarshe allin ya karye, ya sunkuya ya ɗauka, ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ɗaukar alli ke buƙata. Sai a lokacin na tuna cewa matar da ke cikin rubutun mahaifiyarsa ce. Na dubi wajen taga. Khuzaima ta fara kwafa kamar kullum, ta yi layi ɗaya, biron ya tsaya. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta.

Ya ajiye alli. Aji kuwa ba su san dawan garin ba, suka haɗa baki kamar yadda ya koya musu:

"Wa ya rubuta, Malam?"

Ya buɗe baki. Ya dubi ƙofa, ya dubi silin, ya dubi ko'ina ban da taga. Wani yaro daga gaba, mai rawar kai, ya ce, "Malam, labarin da babu suna ba ya hawa fa." Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take da aka ga fuskarsa. Ni dai ina ta addu'a a zuciyata, ina cewa Ubangiji ka taimaki dattijon nan.

Bai iya faɗa ba. Ya sake ɗaukar guntun allin, ya juya wa aji baya, a ƙasan rubutun daga dama, inda ake sa sunan marubuci, ya rubuta da manyan baƙaƙe: KHUZAIMA BARAU. Ya ja layi a ƙarƙashi.

Nan take tafi ya ɓarke a ajin, 'yan mata suna jijjiga ta, ita kuwa ta kifa kai a kan benci. Ya bari suka lafa. Sannan, da muryarsa ta kullum, yana kallon allo, ya ce, "Mai wannan rubutu ta iya. Amma ku duba jimla ta biyu, ku gaya mini sifa nawa ƙwarya ɗaya take buƙata." Haka aka yi darasin har aka buga ƙararrawa. Da monita ya tashi da dasta zai goge allon, Malam ya ce a bar shi tukuna, ya fita da sauri kamar ana kiransa.

Yanzu ya yi ritaya, yana Gwaram yana nomansa, nakan kai musu gaisuwar Sallah, su ma suna aiko mana da Kirsimeti. Har yau in yana maganarta "ta wajen Inna" yake cewa, kuma na daina yi masa tsiya a kan haka. Amma bari in gaya muku abin da ya faru a makon da ya biyo bayan Alhamis ɗin nan, don shi ne ba na mantawa.

Ranar Litinin ba ta je wurin jami'in jarrabawa ba. Da aka tara insha'in makon, na jira ya turo mini takarda ta kan tebur kamar yadda ya saba, shiru. Ban tambaya ba. Ranar Laraba lokacin tara sai ga Khuzaima a guje, ta ma manta da gaisuwa, tana riƙe da takarda a ƙirji. Ta miƙo mini. Jan biro ko'ina, an soke nan, an kewaye can, gefen takardar cike da tambayoyi, makin kuma bai kai rabin wanda nake ba ta ba. Na ɗago a shirye in je in yi masa tas, sai na ga fuskarta. Hawaye na zuba, bakinta har kunne.

"Malama, duba," in ji ta. "Baba ya yi mini kaca-kaca."